Yadda Ake Tsara Takardar Da'awa da ta Kariya a Ƙarar Neman Haƙƙi

A kotun shari'ar Musulunci mai ƙara yakan tsaya gaban alƙali ya faɗi da'awarsa da bakinsa, alƙali ya yi ta jefa masa tambayoyi har sai abin da yake nema ya fito fili, magatakarda yana rubutawa. A babbar kotun jiha da Babbar Kotun Tarayya lamarin ya sha bamban, domin alƙali bai san komai game da rigimar ba sai abin da lauyoyi suka rubuta suka ajiye a gabansa, wato takardar da'awa daga mai ƙara, da takardar kariya daga wanda ake ƙara, da amsar mai ƙara idan akwai buƙatarta. Waɗannan takardu su ne shingen shari'ar baki ɗaya. Tun a 1973, a shari'ar Emegokwue da Okadigbo, Kotun Ƙolin Najeriya ta jaddada cewa duk shaidar da aka bayar kan abin da ba a rubuta cikin takardun ba, ba ta da wani amfani, ko da kuwa ta shiga kundin kotu ba tare da kowa ya yi suka ba. Saboda haka mutum yana iya kasancewa da gaskiya, da shaidu adilai, amma ya faɗi shari'a domin lauyansa ya bar sakin layi guda. Tun ran gini ran zane.

Fara da sauraro da jera aukuwar al'amura

Mai ƙara ba ya fara labari daga farko, yakan fara ne daga inda ya fi yi masa ciwo. A matsayinka na lauyansa, ka bar shi ya amayar da abin da ke ransa, sannan ka ɗauki takarda ka mayar da shi baya: yaushe kuka fara hulɗa, wa ya haɗa ku, me aka faɗa a ranar ciniki, su wa ke wurin, nawa aka biya kuma ta wace hanya. Ka jera komai bisa kwanan wata, kuma a gefen kowane abu ka rubuta da me za a tabbatar da shi, ko rasit, ko takardar lodin mota, ko bayanin asusun banki, ko saƙon WhatsApp, ko wani mutum mai rai da zai yarda ya zo kotu.

Akwai wani tarko da ya keɓanta da mu. Harshen babbar kotu Turanci ne, mai ƙara kuwa da Hausa yake ba ka labari, kuma kalma ɗaya ta kasuwa tana iya ɗaukar ma'anoni biyu waɗanda hukuncinsu ya bambanta. A ɗauki misalin ɗan kasuwar Dawanau da ya ce maka, "Na ba shi riɗi buhu 200, ya hana ni kuɗina." Shin sayar masa ya yi bashi a kan farashin da aka yanke, ko kuwa ba shi ya yi a matsayin dillali ya sayar ya cire la'adarsa ya kawo sauran? Idan na farko ne, ƙararka ta neman kuɗin kaya ce. Idan na biyu ne, ƙarar wakili ce da ya riƙe dukiyar maigidansa, kuma wataƙila sai ka roƙi kotu ta tilasta masa kawo lissafi. Haka abin yake tsakanin aro da kyauta da jingina a rigimar gona. Kada ka fassara irin wannan kalma sai ka tambaya ta fuska uku ko huɗu ka tabbatar da abin da ya faru a zahiri.

Kafin ya tashi, ka tambaye shi abin da abokin shari'arsa zai faɗa a kansa. Da yawa sukan ɓoye cewa an taɓa biyan su wani kaso, ko an taɓa zaman sulhu a gaban shugabannin kasuwa, kuma gara ka ji wannan a ofishinka da ka ji shi a bakin lauyan ɗaya ɓangaren.

Tambayoyin da ke gaban rubutu

A shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta 1962 aka shimfiɗa sharuɗɗan hurumin kotu, ciki har da cewa batun ya kasance cikin ikonta, kuma an shigar da ƙarar ta hanyar da doka ta tanada bayan cika duk wani sharaɗi da ya wajaba a cika tun farko. Hukuncin da aka yanke ba tare da hurumi ba rusasshe ne komai kyansa, kuma ana iya tayar da maganar hurumi a kowane mataki, har a Kotun Ƙoli. Abin lura kuma shi ne, takardar da'awarka ce kotu ke dubawa ta gane ko tana da hurumi.

Saboda haka ka fara da kotu. Sashe na 272 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba babbar kotun jiha hurumi mai faɗi, amma sashe na 251 ya keɓe wasu batutuwa ga Babbar Kotun Tarayya, kamar harajin gwamnatin tarayya, da kwastan, da tafiyar da kamfanoni, yayin da sashe na 254C ya kai rigingimun aiki da ƙwadago Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Ƙananan basussuka kuwa a jihohin Arewa kotun gunduma ce ke jin su, gwargwadon iyakar kuɗin da dokar jihar ta sa mata.

Sannan ka duba wanda za ka yi ƙara. Mutum mai rai, ko kamfani mai rajista, ko hukumar da doka ta kafa ta ba ta ikon yin ƙara da a yi ƙararta, su ne ke tsayawa a kotu. A farkon shekarun aikina na taɓa shigar da ƙarar bashi da sunan da na gani a allon shago da kan rasit, ban je na bincika rajistarsa ba. Bayan fiye da shekara ana kai da kawo, lauyan ɗaya ɓangaren ya nuna cewa babu wani kamfani mai wannan suna, kotu ta kori ƙarar, kuma kafin mu sake shigar da ita da sunan mai shagon ya riga ya kwashe kayansa ya bar garin. Har yau ina tuna yadda dattijon nan mai ƙara ya zauna a benci a bakin kotu ya yi shiru, hularsa a hannu. Binciken da zai hana wannan a Hukumar Rajistar Kamfanoni bai fi aikin yini guda ba. Idan sunan kasuwanci ne kawai, ka yi ƙarar mai shi da sunansa, ka ƙara da cewa yana kasuwanci da suna kaza. Idan kuma gonar gado ce ta iyali, ka bayyana cewa mai ƙara yana yi ne a madadin kansa da sauran magada.

Sai lokaci. Kowace jiha tana da dokar ƙayyade wa'adin shigar da ƙara: a wasu wurare shekara 6 ce ga yarjejeniya da 12 ga fili, a wasu kuma 5 da 10, don haka dokar jihar da kake ciki za ka buɗe, kada ka dogara da abin da ka haddace a makaranta. Dokar Kare Jami'an Gwamnati ta ba da wata 3 kacal don ƙarar jami'i kan abin da ya yi a bakin aikinsa, ko da yake kotuna sun ce ba ta shafi saɓa yarjejeniya ko neman fili ba. Hukumomi da yawa da ƙananan hukumomi kuma dokokinsu sun wajabta a aika musu takardar sanarwa kafin a kai su ƙara, galibi wata guda kafin nan.

Rubuta roƙo tukuna

Ko da yake roƙon mai ƙara a ƙarshen takarda yake zuwa, shi ya kamata ka fara rubutawa, domin shi ne zai nuna maka abin da sauran sakin layin za su ɗauka. Kotu ba ta ba mutum abin da bai roƙa ba, kuma ba ta ba shi fiye da abin da ya roƙa, kamar yadda Kotun Ƙoli ta faɗa a shari'ar Ekpenyong da Nyong a 1975. Ka rubuta kowane roƙo yadda alƙali zai iya kwafe shi kai tsaye ya zama umarninsa, kuma ma'aikacin zartar da hukunci ya iya aiki da shi ba tare da ya dawo yana tambaya ba. "Kotu ta bi wa mai ƙara haƙƙinsa" ba roƙo ba ne. "Umarni ga wanda ake ƙara ya biya mai ƙara naira 12,000,000, ragowar kuɗin riɗi buhu 200" shi ne roƙo.

Idan kana shakkar yadda shaida za ta kaya, ka yi roƙo na madadi, misali a tilasta wa mai sayarwa ya miƙa filin, in hakan ta gagara ya mayar da kuɗin da ya karɓa tare da diyya. Game da kuɗin ruwa na lokacin da ya gabaci hukunci, sai an rubuta shi kuma an nuna tushensa, ko daga yarjejeniya ko daga al'adar wannan kasuwanci. Amma ka tambayi mai ƙara kafin ka sa, domin da yawa daga cikin mutanenmu ba sa son a nema musu shi saboda riba ce, kuma bai dace mutum ya fara jin an roƙa masa abin da addininsa ya hana a zauren kotu ba.

Bayan ka gama roƙon, ka tambayi kanka abubuwan da doka ke so a tabbatar kafin a ba da shi. A ƙarar riɗin nan abubuwa huɗu ne: an ƙulla ciniki, an miƙa kaya, lokacin biya ya yi, ba a biya ba. Waɗannan su ne ƙashin bayan takardar.

Jikin takardar da'awa

Ƙa'idar da dokokin kotunan suka yi tarayya a kanta ita ce a rubuta muhimman abubuwan da suka faru a taƙaice, cikin sakin layi masu lamba, ba tare da kawo shaidar da za a tabbatar da su ba, ba kuma tare da muhawarar doka ba. Faɗin wannan ya fi aikata shi sauƙi. Cewa wanda ake ƙara ya karɓi kayan ranar kaza, wannan abin da ya faru ne, kuma shi ake rubutawa. Cewa direban mota ya ga yaransa suna sauke buhunan, wannan shaida ce, wurinta bayanin mai ba da shaida. Cewa abin da ya yi ya saɓa wa hukuncin Kotun Ƙoli a shari'a kaza, wannan muhawara ce, sai a jawabin ƙarshe. Ga yadda tsakiyar takardar za ta kasance a misalinmu, in an mayar da ita Hausa:

4. A ranar 10 ga Janairu, 2023, a kasuwar Dawanau da ke Kano, mai ƙara ya sayar wa wanda ake ƙara riɗi buhu 200 a kan naira 90,000 kowane buhu, jimla naira 18,000,000, bisa yarjejeniyar baka cewa za a biya cikin kwana 30.

5. A ranar 11 ga Janairu, 2023, mai ƙara ya miƙa kayan, wanda ake ƙara kuma ya sa hannu a takardar karɓa. Mai ƙara zai dogara da wannan takarda a lokacin shari'a.

6. A ranar 2 ga Maris, 2023, wanda ake ƙara ya tura naira 6,000,000 zuwa asusun mai ƙara, ya rage naira 12,000,000 da bai biya ba har yau, duk da takardar neman biya da aka aika masa ranar 5 ga Yuni, 2023.

Kowane sakin layi abu guda yake ɗauke da shi, kuma da gangan ne. Idan ka cusa zarge-zarge biyar a sakin layi ɗaya, ka ba abokin shari'a damar musa shi dunƙule, amma idan ka rarraba su, dole ya fuskanci kowanne, ya amsa wanda ba zai iya musawa ba. Abin da aka amsa kuwa ba ya buƙatar shaida, kamar yadda sashe na 123 na Dokar Shaida ta 2011 ya tanada. Ka lura kuma cewa an ambaci biyan naira 6,000,000 ko da yake yana rage abin da ake nema. Ɓoye shi zai zubar da amincin mai ƙara a idon alƙali, ambatonsa kuwa yana ƙarfafa cewa lallai akwai bashin.

Ka tsaya kan suna ɗaya ga kowane mutum da kowane abu daga farko har ƙarshe, kuma ka guji zagi da kalmomin fushi. Kiran mutum azzalumi ko macuci a takarda ba ya ƙara wa ƙara nauyi ko na ƙwayar gero.

Abubuwan da sai an fayyace su dalla-dalla

Wasu batutuwa ambato kawai ba ya isar musu. Idan ka yi zargin zamba ko jabun takarda, sai ka jera yadda aka yi, da wanda ya yi, da lokacin, kuma ka sani cewa sashe na 135 na Dokar Shaida ya ce zargin aikata laifi, ko a ƙarar neman haƙƙi ne, sai an tabbatar da shi ta yadda babu sauran kokwanto. Shi ya sa ba na sa kalmar zamba a takarda sai in ƙarar ba za ta tsaya ba sai da ita. Sakaci ma sai an faɗi ainihin abin da aka yi ko aka bari. Diyyar asarar da ake iya ƙirgawa, kamar kuɗin asibiti ko gyaran mota ko cinikin da aka rasa, sai an jera ta ɗaya bayan ɗaya da adadin kowanne, sannan a kawo hujjar kowanne. A ƙarar ɓata suna dole a rubuta ainihin kalmomin da aka furta, kuma in da Hausa aka faɗe su, a rubuta su da Hausar sannan a biyo da fassarar Turanci. Al'adar gari ma, in za a dogara da ita, ana rubuta ta ne a matsayin abin da za a tabbatar da shaida.

Rigimar fili ta fi kowacce neman haƙuri. A shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976 Kotun Ƙoli ta lissafa hanyoyi biyar na tabbatar da mallaka: tarihin gargajiya, takardun mallaka, ayyukan mai abu na tsawon lokaci kamar noma da bayar da haya, daɗewar riƙo da amfani, da mallakar filin da ke maƙwabtaka ta yadda zai nuna wannan ma nasa ne. Ka zaɓi hanyarka ka rubuta ta cikakkiya. In tarihi ne, ka faɗi wanda ya sari dajin, da yadda ya same shi, da sunayen waɗanda suka gada ɗaya bayan ɗaya har zuwa kan mai ƙara, ba tare da tsallake kowa ba. In takardar shaidar mallaka ce a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, kada ka tsaya a kanta kaɗai idan ana jayayya da tushenta, ka nuna daga hannun wa filin ya fito. Sannan ka bayyana iyakoki gabas da yamma, kudu da arewa, ko ka haɗa da taswirar safiyo, domin kotu ba za ta mallaka wa mutum filin da ba a san inda ya tsaya ba. Mai neman a tabbatar masa da mallaka da ƙarfin hujjarsa yake cin nasara, raunin abokin shari'arsa ba ya isar masa, kuma wannan bai yi nisa da ƙa'idar da muka sani a fiƙihu ba, cewa hujja tana kan mai da'awa.

Idan kai ne mai kariya

Da zarar takardu sun iso, ka rubuta ranar da aka kai su ka ƙirga wa'adinka, domin ya bambanta daga kotu zuwa kotu: kwana 42 ne a babbar kotun Legas, 30 a Babbar Kotun Tarayya. Sannan ka zauna da wanda kake karewa ku bi takardar da'awa sakin layi bayan sakin layi, kowanne a yanke ɗaya daga uku: an amsa, an musa, ko ba a da masaniya kuma ana neman mai ƙara ya tabbatar. Musun dunƙule da ake buɗe takardar kariya da shi ba ya wadatarwa a kan muhimman zarge-zarge, kamar yadda shari'ar Lewis and Peat da Akhimien ta 1976 ta nuna, kuma musun da ya kauce wa ainihin magana ana iya ɗaukarsa amsawa. In an ce ya karɓi buhu 200, kada ka tsaya ga "bai karɓi buhu 200 ba", ka faɗi ko bai karɓi komai ba ne, ko 150 ya karɓa, ko ya karɓa amma ya mayar da 40 saboda sun jiƙe.

Bayan musu sai labarinsa, a jere kamar na mai ƙara. Kariya ta musamman, irin su wucewar wa'adi, ko cewa wata kotu ta riga ta yanke hukunci kan wannan batu tsakanin mutanen nan, ko haramcin yarjejeniyar, ko an riga an biya, duk sai an rubuta su ƙarara, in ba haka ba za a iya hana ka tayar da su daga baya. Idan shi ma yana bin mai ƙara wani haƙƙi, ka shigar da da'awar martani a cikin takardar. Ƙara ce mai zaman kanta wadda ke ci gaba ko da an janye ta farko, don haka mai ƙara ya wajaba ya rubuta mata kariya.

Takardun rakiya, sa hannu da kai sammaci

Tun bayan da Legas ta sauya dokokin babbar kotunta a 2004, jihohi da dama suka bi sahu, yanzu ana shigar da takardar da'awa ne tare da jerin shaidu, da rubutaccen bayanin kowane shaida bisa rantsuwa, da kwafin takardun da za a dogara da su. Ka ajiye takardar da'awa a dama, bayanan shaidu a hagu, ka tabbata kowane sakin layi yana da mai ɗaukarsa, domin abin da aka rubuta ba a kawo masa shaida ba ana ɗaukar an yi watsi da shi. Shaidan da ba ya jin Turanci a rubuta bayaninsa da Hausa tare da fassara, kuma a sa bayanin cewa an karanta masa ya fahimta kafin ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, da sunan tafintan. Saƙonnin waya da duk abin da aka ciro daga kwamfuta kuma sai an cika sharuɗɗan sashe na 84 na Dokar Shaida, don haka ka tanadi takardar tabbacinsu tun yanzu.

Sa hannu ba ƙaramin abu ba ne. A shari'ar Okafor da Nweke ta 2007 Kotun Ƙoli ta yanke cewa takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi, maimakon sunan lauyan da ke cikin rajistar lauyoyi, ba ta da inganci, kuma ƙararraki masu yawa sun rushe a kan wannan bayan shekaru ana shari'a. Ka rubuta sunanka, ka sa hannu a kansa, in sunayen lauyoyi da yawa ne ka yi alama a kan na wanda ya sa hannun, sannan ka manna hatimin Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya. Idan wanda ake ƙara yana wata jiha, kamar a shigar da ƙara a Kano shi kuwa yana Legas, sashe na 97 na dokar kai sammaci da zartar da hukunci ya wajabta a rubuta a jikin sammacin cewa za a kai shi wajen jihar, sashe na 99 kuma ya ba shi aƙalla kwana 30 kafin ya bayyana.

Kotu takan ba da izinin gyara takardu idan gyaran ba zai cuci ɗaya ɓangaren ba, kuma gyaran yakan koma ya fara aiki daga ranar takardar asali, amma yana cin lokaci da kuɗi, kuma yana ƙara wuya bayan an fara jin shaidu. Saboda haka kafin ka tafi rajistar kotu ka bar takardar ta kwana, washegari ka kira mai ƙara ka karanta masa ita da Hausa daga lamba ta farko zuwa ta ƙarshe, kana tsayawa a kan kowane kwanan wata, da kowane adadi, da kowane suna, ka gyara duk inda ya ce ba haka aka yi ba, sannan ka sake haɗa lissafin kuɗin ka ga ya yi daidai da abin da ke cikin roƙo da abin da ke kan sammaci.